Ta yaya zan gane ingancin makarantar gwamnati kafin mu sayi gida?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ina neman shawara. Mun sami gidan da ya kwanta mana a rai, mai shi yana jiran amsa, amma ban natsu da makarantar gwamnatin unguwar ba, kuma nan yarana za su shiga.

Na duba sakamakon jarrabawa, sai dai ban dogara da shi kaɗai ba, domin yaran da ake ɗaukar wa malamin gida suna ɗaga sakamako ko da koyarwar aji ba ta da ƙarfi. Damuwata yawan ɗalibai a aji, da ko malamai suna daɗewa ko kullum sauya su ake yi. Wa zan tambaya ya faɗa mini gaskiya? In aka bar ni na shiga aji, me zan lura da shi?