Zuba dekin a tsakiyar hunturu: wane ɗan kwangila zan ba aikin?

Ɗan Tukur-Tukur:

Assalamu alaikum. Ina da gini a wajen Dakace, ya kai linta, saura dekin da filasta. 'Yan kwangila biyu sun kawo lissafi. Na farko ya ce a zuba yanzu cikin Disamba, kuma kuɗinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Na biyu ya ce a dakata sai sanyi ya wuce, wai ɗari yana hana siminti kamawa. Wa ke da gaskiya? Kuma me zan duba kafin in ba mutum kafin alƙalami? In da mai shawara kan tagogi da silin saboda ƙura da sanyi, ina buƙata.

Injiniya daga Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam. Sanyin Zariya ba ya hana siminti kamawa, sai dai ya ɗan jinkirta shi da daddare. Inda sanyi ke kashe kankare shi ne inda ruwa ke daskarewa, kamar Kanada ko arewacin Amurka. Can ruwan da ke cikin kwaɓin yana zama ƙanƙara ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya farfasa kankaren tun yana ɗanye, shi ya sa ba sa son zubawa idan awon zafi ya sauka ƙasa da digiri 5 na Salshiyas sai da ɗumamawa da lulluɓi. Mu ba mu kai nan ba. Abin da ke cin gini a hunturunmu bushewar iska ne.

Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha a hankali. Iskar hunturu kuwa tana zuƙe ruwan saman dekin cikin awa biyu ko uku, alhali ƙasan na nan jiƙe. Saman ya takura, ƙasan bai takura ba, sai ka ga tsaga sirara kamar gashi sun bazu. Daga baya damina ta zo ruwa ya bi ta nan ya tarar da rodi, tsatsa ta fara.

To ga tambayar da za ta raba maka su biyun: a lissafinka nawa ka ware wa ruwa, kuma wa zai riƙa ban ruwan? Wanda ya sosa ƙeya ya ce ai yara za su riƙa watsawa, bai shirya ba. Ban ruwa kwana 7 ne mafi ƙaranci, a hunturu ni 14 nake ba da shawara. Watsawa safe da yamma ba ta wadatar a wannan iskar. Da zarar saman ya kama yadda yatsa ba ya lotsa shi, a shimfiɗa buhunan algarara jiƙaƙƙu a rufe da leda a danne da bulo. Washegari a kewaye gefen dekin da ɗan shingen kwaɓi mai tsayin inci 2, a cika da ruwa ya kwanta kamar fadama. A lura, lokacin nan rijiyoyi sun fara ja da baya, saboda haka a yi maganar tanka ko 'yan garuwa tun kafin ranar zubi.

Ma'aunin kwaɓi na dekin gidan zama 1:2:4 ne, wato siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Buhun siminti ɗaya mai kilo 50 daidai yake da kwanon sarki 2, ke nan buhu ɗaya, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8, ruwa kamar jarka ɗaya mai lita 25, a rage idan yashin jiƙe yake. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, kauri inci 6, zai ci buhu 12 zuwa 13 ban da bim, wato ginshiƙan kwance da ke ɗauke da dekin. Ɗauki wannan ka auna lissafin mai arahar nan. Idan ya rubuta buhu 8 ga irin wannan ɗaki, ka san daga inda arahar ta fito.

Katakon da ya tallafe dekin kada a cire shi kafin kwana 21. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi a kansa. Kafinta zai matsa maka saboda yana son kai katakon wani aikin, kada ka saurare shi.

Tsohon birkila, Tudun Wada:

Injiniya ya gama magana a kan ruwa. Ni dai ban yarda a jira ba ko kaɗan. Jira har yaushe? Maris da Afrilu rana ce mai ƙuna ga bushewa, sun fi Disamba muni ga kankare. Damina kuma ruwan sama ya sauko kan ɗanyen zubi ya wanke simintin saman. Yanzu ne lokacin, in dai akwai ruwa. A fara da asuba, lebura su ishe ka, a gama a rana ɗaya. Zubin da aka katse aka ci gaba washegari, mahaɗar nan ce ke yoyo.

Abu ɗaya da za ka tsaya a kai da idonka: kwaɓin da ya fara sandarewa a ƙasa, lebura su ƙara masa ruwa su sake juyawa. Wannan ya mutu. A hunturu kwaɓi ba ya jira, a kwaɓa daidai abin da za a kwashe cikin rabin awa.

Filasta ta fi dekin saurin tona asirin mai aiki. A jiƙa bangon sosai tun daren jiya da kuma safiyar aikin, in ba haka ba busasshen bulo zai shanye ruwan filastar ta ƙi mannewa. Buhu ɗaya ga yashi mai laushi kwano 8 zuwa 10, kauri kada ya wuce rabin inci da ɗan ɗoriya. In bango ya karkace har yana neman inci guda, a yi shafi biyu. Bayan mako biyu ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa da bayan makulli. Inda ka ji yana amsawa kamar ganga, bai kama ba, a fasa a sake da kuɗin mai aikin. Bangon gabas da na arewa su iska ta fi duka, su za a fi ba ruwa. Fenti kuma a bari sai filasta ta yi wata guda.

Maganar amana kuwa, ɗana, kada ka je ganin aikin da ɗan kwangila ya gama jiya, sabon fenti kowa kyau yake masa. Ka ce ya kai ka gidan da ya ga damina biyu, ka ɗaga kai ka dubi ƙasan dekin ko da tabon ruwa, ka dubi kusurwar tagogi. Tsagar da ta tashi daga kusurwa ta yi gicciye, har tsinken ashana yana shiga, ba ta iska ba ce, ta tushe ce ko ta linta. Ka yi magana da mai gidan shi kuma ba ya wurin.

Siminti da rodi ka saya da kanka, ka ba shi jingar aikin hannu kawai. Da yamma a ƙirga maka buhunan da aka zazzage. Biya kashi-kashi: ɗaurin rodi da katako, sai zubi, sai filasta, ko wanne sai an gama an duba. A rubuta a takarda da shaidu biyu, a riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har wata shida, ta yadda ruwan farko zai sauka kuɗinsa na hannunka. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ya san abin da ya taka. Kuma kafin zubi a kira injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya ga rodin, domin in kankare ya rufe shi babu mai sake ganinsa.

Mai zanen gidaje:

Bari in taɓa tagogi da silin. Gidan bulo da kwano ba ya riƙe ɗumi, kwano na hucewa da zarar rana ta faɗi. Shi ya sa tsofaffin soraye na cikin birni, masu kaurin bangon tubali da rufin azara, suka fi ɗumi da asuba. Tunda dekin za ka yi ka rage wannan matsalar. Inda za a sa kwano kuwa, silin ya rufe ruf har gefe, kada a bar ƙofar iska tsakanin bango da kwano.

Taga mai luba ba ta tare ƙura. Ta alminiyon mai zamiya ta fi, amma ka duba burushin da ke bakin gilashin da robar gefe, su ake tsallakewa don rage kuɗi. Ƙasan ƙofar waje a sa mata roba. Ƙofar katako kuma a tabbatar busasshe ne: ɗanye yana takurewa a hunturu ya buɗe baki, wanda aka yanka cif-cif a hunturu kuma ya kumbura da damina ya ƙi rufuwa, don haka kafinta ya bar 'yar tazara.

Kowane gari da nasa. Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200, sanyin dare ya fi namu, can jinkirin cire katako ya fi muhimmanci. Sakkwato da Maiduguri iska da bushewa sun fi tsanani, ban ruwa ya fi wuya. Legas kuwa laima ce da gishirin teku ke cin rodi. Maginin da ya saba da kudu yakan raina ban ruwa idan ya zo nan, a tuna masa.

In gida ya toshe da kyau haka, kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Ɗan Tukur-Tukur:

Allah ya saka da alheri. Na duba takardar mai arahar, babu ruwa a ciki ko na naira ɗaya, simintin ma bai kai ba. Baba, in na ce ya gyara lissafin ya yarda, in ba shi?

Tsohon birkila, Tudun Wada:

Je ka ga tsohon aikinsa tukuna. In ya yi, ba shi filastar ɗaki ɗaya, ka ƙwanƙwasa bayan mako biyu, sannan a yi maganar dekin.