Wai rowa ce ke kashe Yankees bana?

(Hirar wani guruf kan Yankees, ƙungiyar wasan besbol ta New York, a watan Yulin 2024.)

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'ar gida. Tunda kowa ya yi gum kamar ba a ga abin da ya faru a Baltimore ranar Lahadi ba, to bari ni in fasa ƙwan. Zagaye na tara, yaronmu Ben Rice ya maka ƙwallon Kimbrel, mai jifan Baltimore, waje da fili, wato hom ron, na maki uku, muna 5 suna 3, saura mutum ɗaya tak a fitar a tashi wasa, sai ƙwallo ta gangaro har gaban ɗan wasanmu Volpe ya kasa damƙe ta, ta gaba kuma Verdugo ya rugo ciki ta bi ta saman kansa ya zube ƙasa, aka tashi sun ci mu 6 da 5. Da wannan muka shiga hutun tsakiyar kaka na All-Star.

A tsakiyar Yuni mun ci wasa 50 an ci mu 22, babu kamarmu a duk Amurka. Yau 58 da 40 muke, ku lissafa da kanku, 8 muka ci a cikin 26, har Reds suka zo gidanmu suka share mu wasa uku a jere. Judge na da hom ron 34, Soto na da 23, to bayan su wa kuma? Rizzo ya karye a hannu, Stanton cinya ta kwantar da shi, LeMahieu ƙarfinsa ya ƙare, Torres bana kamar ba shi ba. Kafin a rufe kasuwar musayar 'yan wasa ranar 30 ga Yuli dole a kawo mai tsaron bes na uku wanda zai iya bugu, da masu jifa biyu na ƙarshen wasa waɗanda za su riƙa fitar da mutum da hannunsu, don Holmes, mai jifanmu na ƙarshen wasa, salonsa a buga ta ƙasa ne, in na bayansa suka yi sakaci shi ke nan. Amma na san ba za a yi ba, rowar Hal Steinbrenner, mai ƙungiyar, ba za ta bari ba.

Alhajin Tasi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena duk na ji, amma rowa? Rowa fa ka ce? Mutumin da ya ba Judge dala miliyan 360 na shekara 9, ya ba Cole miliyan 324, ya ba Rodón miliyan 162, shi ne marowaci? Ka ji tsoron Allah, ka janye kalmar nan.

Ɗan Fagge:
Alhaji ba zan janye ba. Shi da bakinsa a watan Mayu ya ce albashin da ake biya yanzu ba abu ne mai ɗorewa ba, alhali Soto kwantiraginsa zai ƙare ƙarshen kakar nan. Wannan ai shimfiɗa yake yi mana tun yanzu.

Na Maraɗi:
Ku yi haƙuri in sa baki. Rowa daban, tsimi daban. Marowaci shi ne wanda ke da abu ya hana wanda ya cancanta. Mai tsimi kuwa yana bayarwa, lissafi dai yake yi. Wanga mutum albashin ƙungiyarsa ya kai wajen dala miliyan 300 a shekara guda, ƙungiyoyi nawa ne cikin 30 ke biyan haka?

Ɗan Fagge:
Malam ai ma'anar da ka kawo ni ta goya wa baya. Yana da shi, mu kuma mun cancanta, tun 2009 rabonmu da kofi.

Na Maraɗi:
Ku wa? Kai ne za a ba kuɗin?

Ɗan Nima:
Hahaha Na Maraɗi ka gama magana. Ni dai abin da na sani a Queens ba mu san wata rowa ba, Steve Cohen, mai ƙungiyarmu ta Mets, in yana son ɗan wasa aljihu yake shafawa. Kuma kafin a manta, watan jiya a filinmu na Citi Field mun ci ku 9 da 7, washegari 12 da 2. Ina gaisuwa.

Alhajin Tasi:
Wa ya kira Mets a nan? Mutanen da rabonsu da kofi tun 1986, lokacin ko haifarka ba a yi ba. Mu 27 gare mu, ku 2. In manya na magana a riƙa saurarawa.

Ɗan Nima:
Alhaji da girmanka, 27 ɗin nan guda nawa ka gani da idonka? Yawancinsu ai tun kafin a samu 'yancin kai ne. Ni maganar bana nake, mu sama muke yi ku ƙasa kuke yi, 49 da 46 muke bayan kowa ya gama yi mana jana'iza a watan Mayu. Ga Severino da kuka yar muka ɗauka yana mana aiki.

Ɗan Fagge:
Don Allah a dawo kan magana. Bes na uku na ce, da masu jifa. Ba wanda ya ce min komai a kai.

Maman Biyu:
Ni ban cika sa baki a harkar besbol ɗinku ba, yarana ne ke kunna shi har na fara ganewa, amma Ɗan Fagge kalmar nan ta yi nauyi. A gidanmu in aka ce wa mutum marowaci zagi ne da ke bin har 'ya'yansa. Ka ce bai iya kashe kuɗi ba, ka ce yana saya inda bai kamata ba, wannan kowa zai yarda. Amma rowa a'a.

Ɗan Fagge:
Anti na gode, amma ki duba, uban nasa George da yana raye wallahi Yamamoto, mai jifan nan ɗan Japan, ba zai tafi Dodgers ba. Dodgers suka ba da miliyan 325, mu muka tsaya a 300. Wanda ya kai 300 me zai hana shi ƙara 25 in ba hali ba?

Na Maraɗi:
Nasu na shekara 12 ne, na Yankees na shekara 10. Ka raba ka gani wa ya fi bayarwa a shekara. Kuma Mets ma sun yi tayi bai je ba, yaron Los Angeles yake so, ko nawa aka ba shi can za shi.

Ɗan Nima:
A bar Mets a wannan, Alhaji ya ce kar a kira sunanmu.

Alhajin Tasi:
George ɗin da kuke ta kira, Allah na tuba, kun san shi ne? Ni ina garin nan lokacinsa. Mutumin ya sayi ƙungiyar a 1973, kuma daga 1978 sai da aka kai 1996 kafin a sake ɗaga kofi, duk da kuɗin da yake zubarwa yana korar manajoji kamar me. Abin da ya kawo kofunan 1996 da 1998 da 1999 da 2000 yaran gida ne, Jeter da Rivera da Pettitte da Posada da Bernie Williams, waɗanda aka yi haƙuri aka raina. Yanzu kuma kana so a kwashi yaranmu na ƙasa a ba wasu don hayar mutum na wata biyu. An riga an ba da Michael King da su Thorpe don a samo Soto, kana gani King na can San Diego yana jifa lafiya lau.

Ɗan Fagge:
To Alhaji da ba a kawo Soto ba ina muke yanzu? Bara 82 da 80 muka gama, ko wasannin kofi ba mu shiga ba. Kuma wannan ne ma dalilina, shekara ɗaya muke da tabbacin Soto da Judge tare, in ba a zuba komai bana ba yaushe za a zuba?

Kawu Mai Shago:
Ni tambaya gare ni. Mai maganar rowar nan, ba shi ne aka yi ta bi kuɗin gudummawar sunan da aka yi a Harlem ba, har aka yi suna aka watse bai turo ba?

Ɗan Fagge:
Kawu wannan ba wurinta ba ne. Kuma na bayar, hannu da hannu na ba mai jegon, ba dole sai na yi shela a guruf ba.

Kawu Mai Shago:
Ni ne mai rubuta suna a littafi ɗana, ban ga naka ba.

Ɗan Fagge:
Saboda ba ta hannunka ta bi ba! Haba Kawu, ina maganar mai biliyoyin dala kana kawo min maganar dala ashirin a gaban mutane, wannan cin fuska ne wallahi.

Maman Biyu:
Kawu don Allah a bar wannan, ni shaida ce ya je gidan.

Kawu Mai Shago:
Zuwa daban, bayarwa daban.

Ɗan Nima:
Ni abin da ke ba ni mamaki da ku 'yan Yankees, rabinku hula ce ta kawo ku. Hular NY ɗin nan tun a unguwar Nima ta Accra muke sa ta, a Kano ma na san haka ne, ba wanda ya san ta ƙungiyar besbol ce, mun ɗauka tambarin gari ne. Mutum ya sauka Bronx ya ga filin wasa a titi na 161 sai ya ce ai dama shi ɗan ciki ne. Mu da muka zaɓi Mets da saninmu muka zaɓa, mu hau jirgi mai lamba 7 har Flushing mu sha wahalarmu.

Alhajin Tasi:
Kai yaro ka kiyaye ni. Ni ranar wasa nake ajiye mota in yi asarar aikin dare guda, lokacin da River Avenue ke cike da fasinja kowa na ɗaga hannu, in shiga in zauna can sama inda iska ke kaɗawa in kalli zagaye tara cur. Wanda hula ta kawo ba ya haka. Kuma mutanen Accra su fara gyara Black Stars kafin su koya wa wani zaɓen ƙungiya, a kofin Afirka na farkon shekarar nan ko rukuni ba ku fita ba, mu har wasan ƙarshe.

Ɗan Nima:
Kuka je wasan ƙarshe Kwaddebuwa ta ba ku 2 da 1. Kofin Afirka mu 4 ku 3, tunda yau ranar ƙirga tsofaffin kofuna ce.

Na Maraɗi:
To ga shi an koma Ghana da Najeriya, mu 'yan Nijar sai mu ja gefe. Amma har yanzu ba wanda ya karya maganata, tsimi ne ba rowa ba.

Ɗan Fagge:
Malam tsimin da ya bar LeMahieu a bes na uku kullum yana buga ƙwallo ƙasa ana fitar da mutum biyu lokaci guda, ka kira shi duk sunan da ka ga dama. Ni dai rowa na gani.

Na Maraɗi:
LeMahieu kwantiragin dala miliyan 90 gare shi na shekara 6. Ka ga kenan kuɗin da aka kashe ne ya sa ba a iya zaunar da shi, ba wanda aka hana ba. In laifi kake nema ka nemi Cashman, babban manaja, shi ke zaɓen 'yan wasa tun 1998.

Alhajin Tasi:
A'a kar a taɓa Cashman, shi ya kawo Soto, shi ya samo Luis Gil tun yana yaro, ga shi a watan Mayu ba wanda ya kai shi jifa a rukuninmu.

Ɗan Fagge:
Hal ba a taɓa shi, Cashman ba a taɓa shi, koci Boone ma na san za a ce bawan Allah ne. To wa ya ci mu wasa 18, aljanu?

Kawu Mai Shago:
Littafin dai yana nan a shago, duk mai so ya zo ya duba.

Shugaban Guruf:
Jama'a ya isa haka, saƙo ya yi yawa mutane na wurin aiki. Na karanta komai daga sama har ƙasa, ga abin da aka tsayar.

An tabbatar da hujjoji masu ƙarfi daga bakin Alhaji da Malam Na Maraɗi cewa babu rowa a Yankees, kuma shi mai maganar bai kawo abin da ya karya su ba, don haka ya kamata ya janye kalmar kamar yadda Hajiya Maman Biyu ta ba shi shawara cikin mutunci. Ƙungiya lafiyarta ƙalau, wasa ɗaya ne tsakaninmu da Baltimore, mun ci su biyu cikin uku a gidansu, saura wasa 64, Cole ya dawo tun watan Yuni, Stanton na hanya, kuma duk ƙungiyar da ke da kyaftin irin Judge wanda ya buga 62 a 2022 ba a yi mata kuka a watan Yuli. Mu da muka ga zamanin Jeter mun san haka. Abin da ɗan'uwanmu na Queens ya kawo duk hassada ce, ba shi da alaƙa da maudu'i, kuma maganar hula rashin ladabi ce ga manya. Batun gudummawa Kawu da Ɗan Fagge su same ni bayan sallar Juma'a.

Mets za su zo Bronx ranakun 23 da 24 ga wata, mai son tikiti a wuri ɗaya da mu ya turo sunansa kafin Asabar.

Ɗan Fagge:
Shugaba ban janye ba fa, kuma ba ka ce komai kan bes na uku ba.

Ɗan Nima:
A sa sunana, kujera biyu, da rigar Lindor na Mets zan zo.