Don Allah a ina kuke duba jadawalin tashoshin talabijin a intanet?

Mai gidan kallo, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a nan cikin Katsina, kuma kullum da safe ni nake rubuta wasannin ranar a allo da alli in jingine bakin ƙofa. Tau ranar Asabar ɗin nan da ta wuce na duba wani shafi a waya na ga wasan firimiya ƙarfe 3, na rubuta ƙarfe 3, yara suka biya suka cika benci tun kafin lokacin, ga ba wuta dole na tada inji, muna zaune har aka kira la'asar ba a take wasa ba sai ƙarfe 4, mai ya tafi a banza wasu kuma suka ce sai in maida masu kuɗinsu. Da na sake dubawa a wani shafin daban sai na ga shi kuma ya sa ƙarfe 5, wasa guda fa. Abin ya dame ni wallahi don sana'ar nan da amana take tafiya. Don Allah wane wuri ne mutum zai duba ya ga jadawalin gaskiya, na ƙwallo da na sauran tashoshi har irin su NTA da KTTV da Arewa24, don gida ma ana yawan tambayata.

Mai ɗaura dish, Daura:

Wa alaikumus salam. Alhaji duk shafukan biyu ba wanda ya yi maka ƙarya, kowa agogon ƙasarsa ya ba ka. Na farko na Ingila ne, su kuma suna canza agogo sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe ta watan Maris su ƙara awa ɗaya, Lahadin ƙarshe ta Oktoba su maida shi baya. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da su, ƙarfe 3 ɗinsu shi ne 3 ɗinmu, shi ya sa tun da aka fara kakar wasanni a Agusta ba ka ga matsala ba, amma yanzu da suka maida agogo mun riga su da awa guda, wasan 3 ya koma 4 a wurinmu, na 12:30 kuma ya koma 1:30 na rana. Mu kau Najeriya ba mu taɓa agogo, GMT+1 muke rani da damina.

Na biyun da ya ce 5 ina da yaƙinin na Afirka ta Kudu ne, don SuperSport da DStv na kamfanin MultiChoice ne kuma can ne gidansu. In ka ga an rubuta CAT a gefen lokaci, wato agogon su Afirka ta Kudu, ka cire awa ɗaya, in ka ga WAT namu ne kar ka taɓa komai, in GMT ne ka ƙara ɗaya. Haka wasannin zakarun Turai na dare, lokacin sanyi ƙarfe 9 ake take su a wurinmu, da zarar sun canza agogo a Maris sai su dawo ƙarfe 8.

Ni abin da nake gaya ma duk wanda na ɗaura ma dish shi ne ya fara da rimot kafin waya. Akwai maɓallin da aka rubuta GUIDE ko EPG, ka danna shi za ka ga shirye-shiryen yau da na kwanaki masu zuwa da lokacin da ke kan dikodarka. In kana waje kuma ka shiga shafin DStv ko manhajarsu amma ka tabbata ƙasar da aka zaɓa Najeriya ce, don wani lokaci Google kai tsaye yake jefa mutum shafin wata ƙasa bai lura ba.

Uwargida, Sabuwar Unguwa:

Sannunku da ƙoƙari. Malam mai dish ni tawa matsalar daban ce, dish ɗinmu na kyauta ne irin wanda ake kama tashoshin Larabawa, in na danna wannan maɓallin da ka ce yawanci ba abin da ke fitowa sai fili, in ma ya fito lokacin bai daidai. Yara na son MBC, ni kuma tashar Makka da ta Madina nake bari mafi yawa, sai kuma shirye-shiryen Hausa da dare.

Mai ɗaura dish, Daura:

Hajiya wannan abu biyu ne. Filin da kike gani ba laifin dikodarki ba ne, tashar ce da kanta take turo bayanin shirin tare da hoto, in ba ta turo ba ba inda za shi fito. Shi kau lokacin da bai daidai, ki sa yaro ya shiga saitin dikoda wurin lokaci ya maida shi GMT+1, da yawa ana sayo su ne da agogon wata ƙasa a ciki kuma ba mai gyarawa. In MBC sun sa tallar shiri ki duba ƙasan allo, suna rubuta KSA da GMT, KSA ɗin agogon Saudiyya ne sun riga mu da awa biyu, ƙarfe 10 ɗinsu 8 ne a nan. Mu nan bakin iyaka da ake kama Télé Sahel ta Nijar ba wannan wahalar, agogonmu ɗaya da su.

Ɗalibi, Batagarawa:

Ni dai a nawa binciken ban ga shafi ɗaya da ya haɗa duka tashoshinmu wuri guda ba, su Amurka da Ingila suna da irin wannan, ka sa lambar unguwarku ko sunan kamfanin da kake biya ya jero maka komai, amma in ka shiga da niyyar neman KTTV ɓata data kawai za ka yi. Tashoshin gida gara ka bi shafinsu na Facebook, nan ne suka fi sa sanarwa in an ɗage shiri ko an canza lokaci, musamman da azumi da tafsiri ke ture kusan komai. Labaran NTA na ƙasa kam ƙarfe 9 na dare ne tun muna yara.

Sai kuma lambar tasha, ita ma ta danganta da inda kake kallo, Arewa24 a DStv 261 ce a StarTimes kuma 138, Africa Magic Hausa 156 a DStv. Kuma Alhaji ka kula da wannan sosai, ganin wasa a jadawali ba shi ke nuna tashar na cikin kuɗin da ka biya ba, mai GOtv Jolli da mai Supa Plus ba abu ɗaya suke kama ba, haka mai DStv Yanga da mai Compact. Kafin ka rubuta a allo ka buɗe tashar a dikoda ka ga ta nuna hoto tukuna. Masu StarTimes kuma akwai manhajar StarTimes ON, ita ma tana nuna jadawali.

Mai gidan kallo, Ƙofar Ƙaura:

Kai Allah ya saka da alheri, wallahi shekara nawa ina wannan harka ban taɓa lura da CAT ɗin nan ba sai yau, yanzu na koma shafin na biyu ga shi nan kau ɗan ƙarami a gefen 17:00. Na danna GUIDE a dikodar shago na ga wasannin Asabar mai zuwa duka, 1:30 da 4 da 6:30, na kwafe su a takarda na manna jikin talabijin. Malam mai dish saura tambaya ɗaya, ƙaramar dikodar da nake sa ma yara wasan Sifaniya a ɗaya ɗakin agogonta na gaba da awa biyu, ita ma a saitin zan gyara ko sai na kawo maka ita Daura?