"Halin mutum shi ne daimon ɗinsa": me Hiraklitus yake nufi?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wannan magana ta Hiraklitus ce, masanin falsafa Bagirke na birnin Afisa da ya rayu wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. A wurin Girkawan dā, daimon wata halitta ce tsakanin alloli da mutane, wadda ke raka mutum tana riƙe da rabonsa, kurwa kuwa ita ce ke fita daga jiki idan ajali ya zo. Shin nufinsa babu wani mai rakiya sai hali?

Malamin tarihi: Haka na fahimce ta. Mutanen zamaninsa sukan ɗora wa daimon laifin duk asarar da ta same su, shi kuwa ya mayar da alhakin kan mutum. Saboda haka wurin faɗinta shi ne inda wani ya ɓarnatar da dukiyarsa, sannan ya zauna yana kukan rashin sa'a.

Ɗalibar falsafa: Allah ya gafarta malam, ina ganin ba duk Girkawa ne za su amince da wannan fassara ba. Da aka gurfanar da masanin falsafa Sukurat a gaban kotun Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce tun yana yaro akwai wata murya, wadda ya danganta da daimon, da ke hana shi abin da ya yi niyya, amma ba ta taɓa umartarsa da aikata komai ba. Hali kuwa yana tunzurawa kamar yadda yake hanawa, don haka muryar ba halinsa ba ce, kuma bai kira ta kurwarsa ba.

Mai buɗe zance: Ashe maganar Hiraklitus ba daidai take da karin maganarmu "hali zanen dutse" ba?

Malamin tarihi: A'a, tamu tana cewa hali ba ya kankaruwa, tasa kuwa tana cewa hali ke jan makoma. Ke kuma 'yata, kin yi gaskiya game da Sukurat, sai dai almajirinsa Aflatun bai tsaya wuri ɗaya ba. A labarin da ya bayar na Er, mutumin da ya mutu ya dawo, kurwa ce ke zaɓar rayuwarta kafin haihuwa, sannan a haɗa ta da daimon da zai cika mata zaɓin. A littafinsa mai suna Timayos kuma ya ce daimon shi ne mafi ɗaukakar sashen kurwar kanta, mai zama a cikin kai.

Ɗalibar falsafa: To, malam, tsakanin Hiraklitus da Aflatun akwai kusan ƙarni guda, kuma ban yarda a fassara na farko da bakin na biyu ba.