Turbo ɗin motata ya tafi kuma babu garanti, don Allah ku ba ni shawara

Abu Khadija:
Assalamu alaikum jama'a. Masu sanin mota ku taimaka mani. Motata injin fetur ce 1.6 mai turbo, ƙirar 2013, tokumbo na saye ta shekara uku kenan, garanti kau ba a ma maganarshi. Ranar Asabar ina dawowa daga Daura, na wuce Mashi kaɗan sai na fara jin ƙara kamar usur in na taka totur, can sai mota ta saki, ina takawa ba ta ja, ko tirela na kasa wucewa, na duba madubi sai ga hayaƙi shuɗi-shuɗi na bina. Da ƙyar na lallaɓo Katsina. Bakanikena ya sa kwamfuta ta nuna lambar matsala P0299, ya ce turbo ya tafi. Kuɗin sabo da ya faɗa mani wallahi sai da na nemi benci na zauna, ga kuɗin makarantar yara a gabana. In sa tokumbo ne, ko a gyara wannan, ko in sallamar da motar in huta?

Baba Mai Gareji:
Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka fidda ko sisi tukuna. P0299 abin da yake cewa kawai iskar da turbo ke turawa cikin inji ta yi ƙasa, tiyo ma in ya yage ko wesgeti, wato ɗan bawul ɗin da ke rage wa turbo hayaƙi in ya yi yawa, ya maƙale zai kawo shi. Amma hayaƙin nan da ka faɗa bai yi mani daɗi ba. Ka sa a cire tiyon da ke gaban turbo a gabanka, inji a kashe ya huce, ka kama ƙarfen tsakiyar fankar ka girgiza. Ɗan wasa gefe da gefe ba komai, amma in fanka na gogar jiki ko tana shiga tana fita to ya gama aiki.

Sai babbar magana, me ya kashe shi? Abin nan hayaƙin salansa ke juya shi, yana wuce zagaye 100,000 a minti ɗaya, kuma a kan baƙin mai yake shawagi, akwai wani siririn fayif da ke kai mashi mai daga inji, in datti ya toshe shi to ko sabo fil ka ɗaura a kwali haka zai ƙone. A sauya fayif ɗin, a wanke intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, don na san yanzu mai ya taru ciki, a juye baƙin mai da filta, a ɗiga mai cikin turbo kafin a tada. In gidan turbon bai tsage ba katirij kaɗai za ka saya, wato cikin, ya fi cikakke sauƙi nesa ba kusa ba. Lambar da ke jikin naka za ka bi, na kamfanin Garrett ne ko BorgWarner, ban da "ai iri ɗaya ne".

Ɗan Daura:
Allah ya kiyaye gaba yaya. Ni tokumbo na je har Ƙofar Ruwa a Kano na sayo, wata biyu ya fara busa. Na yi ta zagin mai shago a raina ashe fayif ɗin nan da Baba ya faɗa ne ba a taɓa ba, kuɗi biyu na kashe. In tokumbon za ka sa ka tafi da bakanikenka, kuma ku yi magana tun farko cewa in bai yi ba za a maido.

Sani Direba:
Ni dai a ganina a cire turbon gaba ɗaya a toshe, mota ta yi ta tafiya a hankali, ina ake zuwa.

Baba Mai Gareji:
A'a Malam Sani, kar ka sa bawan Allah asara. Injin da turbo aka ƙera shi, kwamfutar motar ma da lissafinshi take ba da mai. Sai ta zama ba ƙarfi ga shan mai ga wutar inji kullum a kunne, ranar sayarwa kuma dillali ya taya ta kamar gwangwan.

Maman Sadiq:
Sannu Abban Khadija. Wane baƙin mai kake sa wa? Maigidana ya daina sayen na awo a bakin titi, sai na galan a rufe mai lambar da littafin motar ya ce. Kuma da ƙurar nan tamu ta hunturu filtar iska ba ta jimawa. In ya dawo daga doguwar tafiya ba ya kashewa nan take, sai ta yi minti ɗaya ko biyu a sulo, har yara sun saba ba mai buɗe ƙofa.

Abu Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya gaskiya mai duk wanda yaron gareji ya kawo shi ake zubawa, sabis ɗin baya ma na ja shi ya wuce lokaci. Baba yau na tsaya aka cire tiyon, fankar har ƙas-ƙas take a hannuna, fayif ɗin kau da muka hura iska da ƙyar take fita. Gidan lafiya lau. Na ɗauki hoton lambar na tura Kano a duba mani katirij da sabon fayif. Intakular fa da me ake wanke ta, kuma kwana nawa zan bari ta bushe kafin a maida?