Shin kiran intanet na kyauta abin dogaro ne ga mai aiki daga gida?

Mai tambaya, Kaduna:
Assalamu alaikum. Na samu aikin amsa kiran abokan ciniki daga gida, kuma ina neman shawara ko zan iya dogara da WhatsApp kaɗai.

Malam daga Zariya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kiran murya ba ya cin data da yawa. Abin da ke ɓata shi shi ne jinkirin isar murya, domin idan ya zarce milisakan 150 sosai (milisakan dubu ne ke yin sakan ɗaya), sai ku riƙa katse wa juna magana. Matsalar wuta ma babba ce, tun da da zarar an ɗauke ta na'urar intanet za ta mutu ana tsakiyar ciniki. Ki haɗa ta da ƙaramin batirin ajiya.

Hajiya daga Maraɗi:
Ƙanwata, abin da ya fi damuna shi ne ba ki da iko da abin da ba ki biya ba. Kamfanin Microsoft ya rufe manhajar kiran intanet ta Skype a watan Mayun 2025, dole waɗanda suka daɗe suna hulɗa da abokan cinikinsu ta can suka nemi wata hanya. Sannan WhatsApp ba ya kiran layin tarho na ofis, ba ya kiran lambar gaggawa.

Wani ɗan'uwa daga Kumasi:
A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace, intanet ya yi rauni a Ghana da Najeriya kwanaki da dama. Ki ajiye layin waya mai kati a kusa, ki kuma ba abokan cinikinki lambarsa tun da wuri.