Da Balbo bai mutu a Tobruk ba, da Italiya ta ci Masar?

Mai Tsokana: Jama'a, ga tawa. A Yaƙin Duniya na Biyu, ranar 28 ga Yuni 1940, sojojin Italiya suka kakkaɓo jirgin gwamnansu na Libiya, Italo Balbo, a sararin Tobruk, suna zaton na abokan gaba ne. Ni na ce da ya rayu, da Italiya ta isa mashigin Suwes kafin Ingila ta farga. Wanda ya ja jirage 24 ya ƙetare tekun Atilantika har Chicago a 1933 ba ya cikin masu jan ƙafa.

Ɗan Agadas: Malam, tuƙa jirgi daban, shayar da runduna a hamada daban. Graziani da ya gaje shi ya shiga Masar a watan Satumba, ya toge a Sidi Barrani, kimanin kilomita 95 daga iyaka. Motoci ba su isa ba, yawancin sojojin a ƙafa suke. Tankarsu L3 tan uku ce, bindiga mai jigida kawai gare ta. Ko wa ka ɗora, kayan ke nan.

Mai Tsokana: Ai jinkirin nake faɗa! Italiya na da sojoji fiye da 200,000 a Libiya, Wavell, kwamandan Ingila, na da wajen 36,000 a Masar, tankokinsu na Matilda kuwa sai ƙarshen Satumba suka iso. Da Balbo ya kutsa tun Yuli fa?

Malamar Tarihi: Ƙanena, ka manta Balbo ya riƙe yaƙin na kusan mako uku? Italiya ta shiga ranar 10 ga Yuni, ranar 14 Ingilishi suka ƙwace sansanin Capuzzo, yana gwamna. Shi da kansa yake ta roƙon Rum ta aiko da kayan yaƙi. Ka ɗora begenka kan mutumin da tun farko bai so ƙawance da Jamus ba.

Baban Zango: Hajiya, nan ne ma labarin ya fi daɗi. A bar Masar. A ce ya rayu har 1943, lokacin da majalisar Fasist ta juya wa Mussolini baya. Wa ya fi shi farin jini a lokacin?

Malamar Tarihi: Farin jini a wajen wa, Baba? Kada mu wanke shi. Yana cikin mutum huɗun da suka jagoranci tattakin Rum da ya kai Mussolini kan mulki a 1922, kuma a yankinsa na Ferrara 'yan daban Fasist suka kashe limamin coci Minzoni a 1923. A 1938 ya kwaso manoman Italiya 20,000 ya zube su a gonakin Libiya, shekara bakwai kacal bayan rataye jagoran gwagwarmayar Libiya, Umar Mukhtar. Ya soki dokokin wariyar Yahudawa, gaskiya ne, amma bai ajiye muƙaminsa ba.

Mai Tsokana: Ban ce waliyyi ne ba, dabarar yaƙi nake magana. To na rage: ku ba ni Marsa Matruh, garin Masar da ke gaba da Sidi Barrani.

Ɗan Agadas: Ko ita da wuya. A Matruh layin dogon Ingilishi ya ƙare, kayansu na zuwa ta jirgin ƙasa daga Iskandariya, na Balbo kuwa sai mota ta ɗauko daga Tobruk da Bangazi. A Disamba Janar O'Connor na Ingila ya afka wa sojojin Italiya, kafin tsakiyar Fabrairu 1941 ya kama fursunoni wajen 130,000. Ƙara nisa sai ƙara yawan waɗanda za a kama.

Mai Tsokana: Ban yarda ba tukuna. Gobe zan kawo maganar Malta.